Allon kwamfuta ya ƙi kawo hoto: abin da masu gyara na Yamai suka ce

1. Kowa ya yarda a fara da wayar da ke haɗa allo da kwamfuta. In akwai katin hoto (graphics card, mai sarrafa hoton kwamfuta), a jona wayar HDMI a jikinsa, ba a uwar allo (motherboard, babban faifan cikin kwamfuta) ba. Nan aka fi yin kuskure.
2. A duba mashigar da allon ya zaɓa, HDMI ko VGA.
3. Fanka na juyawa, hoto babu? A cire sandunan RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta), a kakkaɓe ƙurar hunturu, a mayar da guda ɗaya har ya yi ƙas.
4. Katin hoto mai ramin wuta na fil 6 ko 8, sai an ba shi wayarsa ta wuta.

Batirin CR2032, ƙaramin batirin da ke kan uwar allo, shi ne ya raba kawunan masu gyaran: wasu sun ce a cire shi minti 5 tun farko, wasu sun ce sai komai ya faskara, don cire shi yana goge saitin BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta.