Wai sai mota ta lalace tafiya ke yin daɗi?

Yaya Babba: Jama'a ina da magana, na san za a taso min amma sai na faɗa. Jiya ina duba hotunan tafiyar da muka yi a dogon hutu lokacin zafin nan, kwana 9 muna kan hanya, sai na lura ba mai maganar bakin tekun da muka je dominsa, duk wanda ka taɓa sai ya ce ka tuna ranar da mota ta ɗau zafi. To ni dai na yanke hukunci, daɗin doguwar tafiya a wahalarta yake. Wadda aka je aka dawo sumul ba a tuna ta.

Anti: Kai Babba ka ji tsoron Allah. Don ba kai ka riƙe jaririya awa huɗu a gefen titi ba, ba inuwa ba komai, ruwan sha ya zama kamar na wanka, tana tsala ihu ina fifita ta da kwali. Wannan ne daɗi?

Yaya Babba: Anti ga shi har kwalin kin tuna 😂 to gaya min kalar ɗakin otal ɗin da muka kwana uku a ciki

Anti: Tunawa daban, so daban. Ciwon haƙori ma ina tuna shi.

Kawu: Ni da na riƙe sitiyari ban ga abin dariya ba. Tiyon lagireto ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye, allura ta haura ja, kuma ku kuka dame ni sai an bar esi a kunne muna hawan tudu da kaya har saman mota. Sannan wannan yaron ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto injin na tafasa, da ban buge hannun ba tururin nan da ya sale mai fuska. Da yanzu wani labarin ake yi.

Auta: Kawu a yi haƙuri a daina tono wannan 🙈 Amma maganar Yaya akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ya ɗauke ta a karkace. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan adam wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, shi da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a 1993. An sa mutane tsoma hannu a ruwan sanyi mai digiri 14 na daƙiƙa 60, wani zagayen kuma 60 ɗin ce amma aka ƙara 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawanci sai suka ɗauki mai tsawon, alhali ya fi wahala. Wato ƙwaƙwalwa ba ta lissafin tsawon abu, inda ya fi tsanani take riƙewa da yadda ya ƙare. Mu namu ya ƙare lafiya shi ya sa ya zama abin dariya.

Yaya Babba: Shikenan ma, kimiyya ta goya min baya

Auta: Ba ta goya ba fa Yaya. Ƙarshen ne ya gyara labarin, ba lalacewar ba.

Ƙanwar Kowa: Ni ina bayan Yaya. Ku duba Bertha Benz, matar Carl Benz wanda ya ƙera ɗaya daga cikin motocin farko a duniya, a watan Agustan 1888 ta ɗauki motar mijinta ba da saninsa ba, ita da 'ya'yanta maza biyu, daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus wajen mahaifiyarta, kilomita ɗari da 'yan kai. Me duniya ta riƙe? Ta sayi mai a kantin magani a Wiesloch, bututun mai ya toshe ta zurara allurar hularta ta buɗe, birki ya cinye ta sa mai gyaran takalmi ya liƙa fata. Wa ya taɓa ba da labarin hirar da ta yi da uwarta da ta isa?

Anti: Masu jin labari ne ke son wahala, ita kuwa da za a ba ta zaɓi ai gidan mai za ta nema. In dai abin da ya fi min daɗi ake tambaya, daren da aka gama gyaran ne, muka tashi wajen ƙarfe tara gilasai a sauke iska ta yi sanyi, yara duk sun yi barci kan wannan a kafaɗar wancan, Kawunku ya rage rediyo ƙasa-ƙasa ba mai cewa uffan, sai fitilar mota kawai a kan kwalta. Wannan nake so a dawo min da shi.

Yaya Babba: To Anti da motar ba ta lalace ba ai da rana za mu wuce wurin, kin ga kin shigo layina

Anti: Ban shigo ba.

Kawu: Ku yi ta yi. Hutu mai zuwa dai ni zan canza tiyo da fanbel kafin mu tashi, duk awa biyu kuma sai na tsaya na miƙe ƙafa, mai neman abin tunawa ya bi wata motar.