Jitar bes tawa ta juya mini baya tun shigowar hunturu: in gyara ko in sayar?

Mai tambaya, Zariya

Salama a gare ku manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karatu a ɓoye, yau dai matsala ta fito da ni. Shekara uku ke nan ina kaɗa bes, Lahadi a coci, Asabar kuma in bi wasu makaɗa zuwa gidajen biki. Jitar ta hannu na saya, mai tsirkiya huɗu, irin kwafin Jazz Bass ɗin nan (wani sanannen samfurin jitar bes) da ba su da wani sunan kirki a ka. Ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana.

Tun da iska ta kankama a Disamba tsirkiyoyin suka yi sama, suka yi nisa da wuya. Sai na danne da ƙarfi, kafin a gama waƙa uku yatsuna sun yi tsami. Bakin ƙarafunan firet, wato waɗanda aka jera a kan wuyan jitar, sun fito ta gefe suna karce ni, jiya har da ɗan jini a gindin manuniya. Sautin ma ya mutu, kamar ana dukan kwali. Ga ƙugi a amf, wato akwatin ƙara sauti, idan an tada janareto: in na taɓa tsirkiya ya ragu, in na ɗaga hannu ya dawo. Makon jiya kuma a wani biki na matsa kusa da makirfo zan yi amshi, hannuna na kan tsirkiya, sai na ji wani abu ya tsunkule ni a leɓe. Na share muka ci gaba.

Wani abokina zai sayar da tasa mai tsirkiya biyar, mai batir. In sayar da tawa in cika kuɗi in karɓa, ko wannan tana gyaruwa? Ɗan abin da na tara ba zai yi duka biyun ba.

Tsohon ɗan band, Jos

Ɗana, ajiye maganar saye da sayarwa tukuna. Abin da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne babba. Wannan tsunkulin da ka ji a leɓe wuta ce, kuma jikinka ta bi. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amf ta cikin kebur, makirfo kuma a haɗe yake da miksa. Idan ɗaya daga cikinsu ba shi da wayar ƙasa kuma yana yoyon wuta, da zarar ka taɓa su biyun tare kai ne ka zama wayar. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Birtaniya, Les Harvey, haka ya mutu a kan dandamali a garin Swansea, makirfo marar wayar ƙasa ya taɓa. Tamu wutar bolt 230 ce, ba ta wasa.

Duba filogin amf ɗinka yau. In ƙafa ta ukun nan a karye take, ko wani ya cire ta don ta shiga soket, a canza filogin. Amf da miksa su sha wuta daga wuri ɗaya. Janareto kuma a kafa masa ƙarfe a ƙasa, mai wayarin ya san yadda ake yi. Kada ka sake kai baki kusa da makirfon nan sai an gwada shi da testa.

Mai gyaran jita, Sabon Gari Kano

Baba na Jos ya riga ni, kuma gaskiya ya faɗa. Ni bari in yi maganar icen.

Ƙanina, jitarka lafiyarta ƙalau, ƙishirwa take ji. Ice yana son laimar iska ta kasance wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan a tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da 20. Ka dubi ƙofar katakon gidanku, yanzu tana shiga salin-alin har da ɓula a gefe, da damina kuma sai an sa kafaɗa. Haka wuyan jita yake. Allon da firet suke kai ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsu ya fito yana yankarka. Sannan tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyan da nauyin da ya fi buhun siminti, dare da rana. Allo ya tsuke, tsirkiya na ja, sai wuyan ya ranƙwafo gaba kamar baka. Nisan da kake gani ke nan.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka sa don wannan, kanta yana can wajen makunnan saiti ko a gindin wuya. Amma kafin ka taɓa ta, auna. Bayan ka saita jitar, danne babbar tsirkiya a firet na farko da kafo, wato abin matse tsirkiya a wuyan jita, ko wani ya riƙe maka, kai kuma ka danne ta a inda wuya ya haɗu da jiki. Leƙa tsakanin tsirkiyar da firet na bakwai ko na takwas. Ya kamata katin kasuwanci na takarda ya shige da ƙyar, wato kusan milimita 0.3. Idan katin ATM ya shige yana rawa, wuyan ya ranƙwafa da yawa.

To sai ka sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ka samo alankin da ya cika ramin cif, ba wanda yake kusa da daidai ba. Akwai na milimita akwai na inci, kuma yawancin jitocin da ake kawo mini da kan sanda a cinye, nan aka yi kuskuren. Murɗa dama yana miƙar da wuya, hagu yana sake shi. Kwata ɗin zagaye kawai za ka yi, ka sake saiti, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa. In ka ji ta cije, tsaya, kada ka gwada ƙarfi, kawo wa mai gyara. Sanda ta karye, an shiga wani babi mai tsada.

Ka rubuta yawan abin da ka murɗa. Idan ruwa ya sauka a Yuni icen zai sha laima ya kumbura, wuyan ya koma baya, ka fara jin zizza a firet na farko zuwa na huɗu. Sai ka mayar da shi hagu gwargwadon yadda ka kai shi dama. Sau biyu a shekara ake wannan a ƙasarmu, ba alamar jita ta lalace ba ce.

Bakin firet kuwa yanzu ne lokacin goge su, tun da sun fito iyakar fitowarsu. A manna tef a kan icen, a bi su da ƙaramin magagari a hankali. An yi sau ɗaya da kyau, da wuya su sake damunka.

Sabon shiga, Kafanchan

Yayana, shafa mata man kaɗanya mana. Shi muke shafa wa ƙafa in ta yi kaushi 😂

Mai gyaran jita, Sabon Gari Kano

Kai yaro, ƙafarka daban jita daban. Man kaɗanya da man gyaɗa duk kada su kusance ta, suna yin danƙo, su kama ƙura, su yi wari, su kashe tsirkiya. Idan allon baƙin ice ne marar fenti, ɗigo biyu ko uku na man lemun da ake sayarwa don jita a kan tsumma sun isa, a goge a share, sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan farin ice ne mai sheƙi, tsumma kawai. Kuma mai ba ya mayar da ruwan da ya fita. Abin da ke taimakawa shi ne soso mai ɗan danshi a cikin gidan sabulu mai huji, a sa a cikin jaka ko akwatin jitar ba tare da ya taɓa jikinta ba, a zuge. A daina rataye ta a bango kusa da taga, a daina barinta a but ɗin mota da rana.

'Yar kwaya mai kaɗa bes, Kaduna

Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana yaushe rabonka da canza tsirkiya ba. Na tabbata waɗanda ka saye ta da su ne har yau. Gumi da dattin hannu ke shiga tsakanin murɗin wayar su toshe shi, shi ne sautin kwalin nan. Ni lokacin da aljihu ya yi sanyi dafa su nake yi. In kwance su, in nannaɗe, in jefa a tsohuwar tukunya su tafasa kamar minti goma. Ranar farko da na yi, ruwan ya koma kalar shayin da ba madara, ga wani maiƙo yana yawo a sama, mamata ta leƙo ta ce wace miya ce wannan. A shanya su bushe sosai kafin a mayar, in ba haka ba tsatsa. Sautin yana dawowa, amma na 'yan makonni ne, kuma bayan dahuwa biyu sai haƙuri. Jiƙa su cikin sifirit su kwana ya fi, don ba ya kawo tsatsa.

In za ka sayi sababbi, nemi masu lambar kauri 45 zuwa 105, su ne matsakaita. Kuma ka ajiye tsumma a jaka, duk aka tashi ka goge su sama da ƙasa.

Tsohon ɗan band, Jos

'Yata, ban ƙi taki ba, amma ba kowa ne ke son tsirkiya mai ƙara ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka a shekarun 1960, tsirkiyoyi masu santsin nan yake sawa a jitarsa samfurin Precision, kuma ba ya canza su sai sun tsinke. Mu da muka taso da rege a Jos, sautin Family Man, mai kaɗa wa Bob Marley bes, muke nema, mai kauri, ba ƙarar ƙarfe. Har soso muke cusawa ƙarƙashin tsirkiya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jita, don ta daina doguwar amsawa. Amma in ana son ka riƙa marin tsirkiya da babban yatsa kamar yadda yaran coci suke yi yanzu, to dole sababbi.

Mai piyano, Bauchi

Ku yi ta wahala. Hannuna na hagu yana yin duk abin da kuke yi, ba hunturu ba damina, kuma mai biki kuɗin mutum ɗaya zai biya.

'Yar kwaya mai kaɗa bes, Kaduna

Malam, waye ya buɗe maka ƙofa? Abin haushin ma shi ne gaskiya ka faɗa, a situdiyo da yawa yanzu ba a kiran mai bes, kwamfuta ce ke yi. Amma ka cire hannun hagun nan daga hanyata idan muna wasa tare, in mu biyu muna kaɗa sauti mai kauri sai ya zama kunu.

Makaɗi daga Yamai

Gaisuwa ga mutanen Najeriya. A kan ƙugin nan: Jazz Bass fikof biyu gare ta, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kowane shi kaɗai yana ɗaukar ƙugin kuran (wutar lantarki), amma an yi su ne yadda in ka buɗe murfin sautinsu duka biyu daidai wa daida, ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya. Gwada ka gani, wataƙila kana rage ɗaya ne. Ƙugin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya kuma, yawanci ramin da wayoyi suke ne ba a lulluɓe shi ba. Ana manna takardar tagulla a ciki a haɗa ta da wayar ƙasa ta jitar. Kuma ka ari kebur mai kyau ka gwada kafin ka zargi jita. Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gaba, tana shiga murafan sauti su riƙa ƙarar-ƙarar in an juya. Feshin da masu gyaran rediyo suke wanke irin waɗannan da shi ake sawa, ba man inji ba.

Maganar mai tsirkiya biyar, ka tambayi sifikarka tukuna. Babbar tsirkiyar mai huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar ɗin wajen 31. Ƙaramin amf ba ya fitar da wannan, sai dai ka ji takardar sifika tana fafatu. Ga batir mai bolt 9 da zai iya mutuwa ana tsakar wasa, musamman in kana barin kebur a soke, don soke shi ne ke kunna ta. Kuma ita ma ice ce, baɗi war haka za ta yi maka abin da wannan ta yi.

Mai tambaya, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na Jos, na duba filogin, wallahi ƙafa biyu ce, ta ukun an fige ta tun kafin amf ɗin ya zo hannuna. Jikina ya yi sanyi. Na kai an canza, kuma na gaya wa shugaban band ɗinmu ba zan ƙara yin amshi ba sai mai wayarin ya duba miksa. Ya ɗan ɓata rai, amma ya yarda.

Yaya na Kano, na auna. Katin ATM ya shige, har na ɗora na takarda a kai duk suka wuce. Na yi kwata ɗaya daren jiya, da safe tazarar ta ragu amma da saura. In ƙara yau? Anti, kin gano ni, tsirkiyoyin da na saye ta da su ne. Suna cikin sifirit yanzu, babbar, ta E ɗin, na bari a jiki don awo.

Mai gyaran jita, Sabon Gari Kano

Tsaya, ka cire uku ka bar ɗaya sannan ka auna? Ai awon bai yi ba, wuyan ba ya ɗauke da cikakken nauyinsa. Mayar da su duka idan sun bushe, ka yi saiti, ka bar ta zuwa gobe, sannan ka sa katin. In har yanzu na ATM yana shiga, ƙara kwata ɗaya. Bayan wuya ya zauna sai mu zo kan tsayin jaki da saitin firet na sha biyu. Turo mini hoton wuyan daga wajen kai, kana kallonsa kamar mai auna bindiga.