Wa ya taɓa mayar da ɗakin gida situdiyon hoto? A zo a ba mu labari

Sabon Shiga, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai ɗakin da ƙanena ya tashi ya bari a gidanmu, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, tagarsa ɗaya tana kallon arewa. Ina da kyamara Canon ta hannu da lens (gilashin gaban kyamara) na milimita 50, kuma ina so in fara ɗaukar mutane kafin Salla ta zo. Abin da ke aljihuna bai taka kara ya karya ba. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, me kuka fara saya, fitila ko labulen baya?

Tsohon Hannu, Fagge:
Wa alaikumus salam, yaro na. Kada ka sayi komai tukuna. Tagar nan fitila ce Allah ya ba ka kyauta. Ni da taga na fara, da farin kwalin da aka kawo firij a ciki. Ka zaunar da mutum a gefen taga, hasken ya zo masa ta kafaɗa, ka jingina kwalin a ɗaya gefen ya riƙa mayar da haske kan kuncin da ya yi duhu. Ka matso da shi, ka ja shi baya, kana kallon yadda inuwar ƙarƙashin hanci take canzawa. Wanda bai koyi wannan da idonsa ba, ko fitila huɗu ya saya ruɗewa zai yi.

Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa suka zaga duniya, a tsakar gida ya riƙa ɗaukar mafi yawansu da hasken rana tun daga 1948, kuma mayafin gadonsa ne labulen bayansa na farko. To ka gani.

Ɗan Damagaram:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu ɗaya game da tagar arewa. Masu koyarwa na Turai suna cewa rana ba ta shiga ta nan, to wannan a ƙasarsu ne. A wajenmu, daga wajejen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana karkata arewa, za ka ga tana leƙowa. Farin yadi mara kauri nake ratayawa a taga, hasken ya yi laushi. Sannan ka duba fentin ɗakin. Nawa kore ne lokacin da na shiga, duk wanda na ɗauka sai kuncinsa da farar rigarsa su ɗebo kore-kore. Na sa aka shafa fari a bango uku da sili, na huɗun kuma toka-toka, shi ne ya zama labulen bayana har yau. Kuɗin fenti bai kai na fitila ko ɗaya ba.

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Ni dai zan saɓa wa Baba kaɗan, a yi mini afuwa. Taga ba ta san alƙawari ba. Amaryar da ta ce za ta zo da azahar, sai an kusa magariba za ka gan ta, don mai kwalliya ba ta sake ta ba. A lokacin wace tagar za ka nema? Shi ya sa na sayi filas, wato fitila mai walƙiya lokacin ɗauka, guda ɗaya na kamfanin Godox mai amfani da batir, da lema fara ta tausasa haske, da sandar ɗora shi. Ko an ɗauke wuta aikina bai tsaya ba, ba ruwana da tada janareta.

Abin da ya ɗau mini lokaci kafin in gane shi ne nisa. Fitila idan ta yi nesa haskenta tauri yake yi, sai goshi da karan hanci su riƙa ƙyalli, musamman ga mai duhun fata da ta sha kwalliya. Idan na kawo lemar kusa, kamar kamu biyu daga fuska, na ɗaga ta sama da kai kaɗan ta gefe, sai fatar ta fito da santsinta. Kuma ƙa'ida ce: in ka ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa. Don haka taku ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Na manna salatif a ƙasa inda sanda ke tsayawa da inda kujera ke zama, kada yara su ture in dawo ina lalube.

Wani abu kuma da maza ba sa kula da shi: ɗaurin ɗankwali. Idan ya yi tudu ya leƙo gaba, fitilar da ke sama sosai za ta jefa inuwa a idanu. Sai an sauko da ita. Haka mai gilashi, a ce ya ɗan sunkuyar da haɓa, ko a ƙara kai fitilar gefe, lemar ta daina fitowa a cikin gilashin.

Sabon Shiga, Kaduna:
Na gode Hajiya. To filas ɗin ya fi irin fitilar nan mai ci gaba da haske ke nan?

Mai Bidiyo, Jos:
Ya danganta, ɗan'uwa. Ni mai ci gaba da haske nake amfani da ita, don abin da idona ya gani shi kyamara ke ɗauka, ga sabon hannu hakan ya fi sauƙi. Amma tana son wuta, kuma a ɗakin mita 3 da an rufe ƙofa za ka sha zafi. Ka nemi wadda aka rubuta 5600K a jikinta, wato launin hasken rana. Kuma ka kashe ƙwan ɗakin kafin ka ɗauka, musamman in mai ja-ja ne, in ba haka ba rabin fuska fari rabi ruwan lemo. Idan ka ga ratsi-ratsi suna bin hoton, wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce, ka sa saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Mai filas kuma kada ya wuce 1/200 a yawancin kyamarori, don baƙin layi zai cinye gefen hoton.

Ɗan Kwari:
Maganar labule kuwa ku bar ni da ita. Takardar nan ta nadi da kuke gani a situdiyon waje, mai faɗin mita 2.7, kyakkyawa ce, amma da ƙyar za ta shiga ɗakinka, kuma da an taka ta da takalmi shi ke nan sai yankewa. Ka shiga Kantin Kwari, ko wata kasuwar yadi da ke kusa da kai, ka nemi yadi mai kauri wanda ba ya sheƙi. Toka-toka ya fi kowanne amfani: in ka haska shi ya yi fari-fari, in ka hana shi haske ya koma kusan baƙi. Kada ka yarda da shadda ko satin a baya, duk lanƙwasa sai ta fito. Ni tela ya yi mini kalmasa a sama, na zura bututun roba na masu aikin famfo, na ɗora a kan ƙusoshi biyu. In an gama a naɗe shi a jikin bututun, kada a ninke, sai ka huta da guga. Da hunturu kuma ka rufe shi da leda, baƙin yadi ƙura yake sha.

Atamfa ma tana yin kyau a baya, amma sai mai hoton ya sa kaya marasa ado. Atamfa kan atamfa sai gwani.

Tsohon Hannu, Fagge:
Duk ba ku taɓo abin da zai fi ba shi wahala ba, wato tsawon ɗakin. Dole ka raba mutum da labule da kamar mita ɗaya da rabi, in ba haka ba inuwarsa za ta manne a bayansa kamar hoton fasfo. Saura mita biyu da rabi ke nan. Idan kyamararka irin ƙananan nan ce na Canon, lens na 50 yana zama tamkar na 80, wato yana ƙara matso da mutum, iya ƙugu zuwa sama kawai za ka samu. Mai babbar riga da yake so a ga aikin wuya har zuwa takalmi, ba zai shiga ba. Ni a tsohon ɗakina ƙofa nake buɗewa in tsuguna a baranda in ɗauko. Ka duba ko ƙofarka tana fuskantar bangon da za ka rataya labulen, kafin ka buga ƙusa ko ɗaya.

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Tunda a cikin gida ne, ka yi tunanin hanyar shigowar baƙi, kada su riƙa ratsa tsakar gidan iyayenka. Ka ajiye madubi da kujera ta mai rakiya, don mata da yawa ba za su zo su kaɗai ba. Kuma kada ka kuskura ka sa hoton kowa a Instagram ko Facebook don talla sai ka tambaye ta, matar aure ce ko budurwa. Na san wanda magana irin wannan ta rufe wa sana'a a unguwarsu.

Sabon Shiga, Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na je na auna, ƙofar tana gefe ne, ba ta kallon bangon, don haka hoton rabin jiki zan fara da shi. Fentin ɗakin shuɗi ne, gobe zan nemo mai fenti. Hajiya, lemar taki wadda haske ke ratsawa ce, ko mai baƙin baya?

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Wadda haske ke ratsawa ce. Amma a ƙaramin ɗaki mai farin bango tana watsa haske ko'ina, har labulen ya yi fari fiye da yadda kake so. In kana son baya mai duhu, ɗauki mai baƙin bayan.