Makwarara da matattara: sunayen da nake so mu tsayar wa tankin kifin ado

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Wani ƙanena a wannan harka ya aiko min da saƙo cikin dare cewa "Yaya, ambaliyar tankina ta samu matsala." Gabana ya faɗi, na ce maza ya kashe injin ya zare wayoyin lantarki daga ƙasa. Ashe ko ɗigo bai zuba ba, ƙara ce kawai bututun ke yi ta hana shi barci. Kalmar Turanci overflow ce ya fassara da ambaliya. Rashin suna ya sa muka ɓata lokaci muna neman gyaran abin da bai lalace ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ambaliya masifa ce, ba wanda ke gina ta da hannunsa. Shi kuwa wannan abu da gangan ake yin sa: ɗan akwati ne a jikin tankin, bakinsa da haƙora kamar na mataji, ruwan sama-sama ya tsallake ya faɗa ciki, ya bi bututu ya sauka ƙasa. Wani malaminmu ya kawo indararo, kuma na so kalmar, domin shi ma daga sama yake sauke ruwa. Sai dai ruwan indararo in ya tafi ya tafi ke nan, namu kuwa dawowa yake. Magudana ta yi faɗi, tana kai hankali ga kwata. Ni dai na tsaya kan makwarara. Ku gwada ta a baki: makwarara ta toshe, makwarara tana ƙugi. Ta zauna daram.

Sai tankin ƙasa, wanda Turawa ke kira sump. Wata 'yar'uwa ta ce rijiya. Yaya, ki gafarce ni, rijiya daga ƙarƙashinta ruwa ke ɓuɓɓugowa, wannan kuwa daga sama ake zubo masa. An ce mataci, amma tacewa ɗaya ce daga ayyukansa. A nan ake ajiye abin ɗumama ruwa da injin da ke mayar da ruwa tankin sama. Matattara ta fi cika, wurin da ruwa ke taruwa kafin ya koma. Sunan ma yana koyar da abu: ruwan da ke tafiya a tururi ba a tankin sama ake ganin raguwarsa ba, a ɗakin ƙarshe na matattara ake gani, inda injin yake. In ka ga injin na feso ƙananan kumfa, fara duba can, wataƙila ruwa ya ja baya yana shaƙar iska.

Kalmar da ta fi ba ni aiki ita ce siphon. Duk mun san abin: ka zura tiyo a ruwa, ka zuƙa, ka saukar da bakinsa ƙasa, ruwa ya yi ta bi da kansa muddin iska ba ta shiga ba. Na kira shi zuƙo. Kusan duk ƙarar makwarara kokawa ce tsakanin iska da ruwa a cikin bututu ɗaya. A tsarin haɗa bututun makwarara da ake kira Durso, mai bututu guda da ɗan hujin iska a murfinsa, in injin ya turo fiye da abin da bututun zai sauke cikin natsuwa, sai ruwa ya taru, ya koma zuƙo na ɗan lokaci, ya kwashe da ƙarfi, ya haɗiyi iska, ya sake taruwa. Hawa da saukar nan ne ke yin ɓulɓul. Maganinsa a rage ƙarfin injin. Kada a kuskura a matse bututun sauka da bawul, wato abin rage hanyar ruwa, alhali shi kaɗai ne, don ranar da katantanwa ɗaya ta maƙale a ciki, to ranar za a ga ambaliyar gaske.

Tsarin Herbie bututu biyu ne, na BeanAnimal uku. Waɗannan sunayen a bar su yadda suke. A duka biyun akwai bututu ɗaya da ake son ya zama cikakken zuƙo, ba iska ko kaɗan, shi ya sa ba ya ƙara. Shi ake daidaitawa da bawul, kuma mai murɗawa a hankali ya fi mai hannun da ake karkatawa sau ɗaya, don gyaran na ƙiris-ƙiris ne. A gefensa akwai wanda ke tsaye a buɗe yana jiran ranar toshewa. Wannan ban sha wahalar sunansa ba: bututun ko-ta-kwana. In ka ji ruwa na zuba ta cikinsa da ƙarfi, saƙo yake ba ka cewa bututun zuƙo ya toshe da gansakuka ko ganye.

Akwai kuma zuƙon baya, wanda ya fi jiƙa ɗakunan mutane. Da an ɗauke wuta, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya riƙa zuƙo shi ƙasa har sai bakinsa ya samu iska. Lissafin ba wuya: tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, in ruwansa ya sauka santimita 3, lita 18 ke nan za su gangaro, ban da na cikin bututai. Dole matattara ta kasance da sararin da zai ɗauke su. A ɗago bakin bututun kusa da saman ruwa, ko a yi masa ɗan huji dab da ƙasan fuskar ruwan, a riƙa tsokace shi don yana toshewa. Bawul mai hana ruwa komawa ban yarda a dogara da shi ba, ɗan datti ya isa ya hana shi rufewa. Kashe injin da hannunka kana tsaye, ka ga inda ruwan matattara zai tsaya.

Shi ƙanen nawa, tsarin Herbie ne da shi, kuma bakin bututun zuƙonsa ya nutse sosai a matattara, iska ta kasa fita. Ya rage tsawonsa ya bar kamar santimita 2 a cikin ruwa, ya ɗan murɗa bawul, ƙarar ta ɗauke. Saura gilasan nan da ke raba matattara ɗaki-ɗaki suna tare kumfa. Ina cewa shinge, amma bai gama kwanta min ba. Malamai, me kuka gani?