Ciwon hanta nau'in B: me ke tayar da garkuwar jiki daga baya?

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. Saura kwana 9 jarrabawa, ga wuri ɗaya ya zame mini ƙarfen ƙafa.

An koya mana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B ba ita ke kashe ƙwayoyin halittar hanta da kanta ba, garkuwar jiki ce ke kai musu hari saboda cutar ta ɓuya a cikinsu. Wannan na gane. To amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa garkuwarsa ba ta yaƙar ta, shi ya sa kusan 90 cikin 100 cutar ke zama a jikinsu, manya kuwa ba su kai 5 ba. A asibiti na ga takardar gwajin wani saurayi, ƙwayar cuta ta cika jini, ALT kuwa, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini in hanta ta ji rauni, lafiya lau.

Na zana matakan cutar a takarda har sau uku, nan nake cijewa. Na tambayi 'yan ajinmu, kowa sai ya ce in haddace kawai. Ni kuwa hadda ba ta zama mini in ban fahimta ba.

Don Allah, in garkuwa ta yi shekaru shiru, me ke tayar da ita daga baya har hanta ta yi tabo ta ƙanƙance?