Farin idon ya ragu, me ya sa har yanzu ake sa ta barci a duba ta?

Maman Ummi, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ummi shekararta 2 da wata 3. A hotunan ƙaramar sallah muka fara ganin idonta na hagu yana ƙyalli fari kamar na mage a duhu, muka ce hasken waya ne. Ashe sankarar ido ce, wadda likitoci ke kira retinoblastoma. An yi mata ƙarin ruwan kemo, wato maganin sankara, sau 4 cikin 6, kuma farin ya ragu sosai, Alhamdulillah. Amma duk zuwa sai an sa ta barci an leƙa idon. Hajiya, mahaifiyar babanta, ta ce tunda sauƙi ya samu a bar yarinya ta huta, ga gashinta duk ya zube. Baban ma ya fara karkata, kuɗin mota da gwajin jini sun cinye mu. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ya zan yi?

Anti Nas, Bauchi:
Wa alaikumus salam Maman Ummi. Don Allah kar ki tsaya. Magungunan kemon nan uku, vincristine da etoposide da carboplatin, rage ƙullutun sankarar suke yi. Sauran da ya rage a kan ƙona shi da leza ko a daskarar da shi, kuma ba a iya yin haka yarinya tana mutsu-mutsu. Barcin ne ke ba likita damar ganin bayan idon har gefe-gefe, inda sabon ƙullutu ke ɓuya. Abin da kike gani daga waje ba shi ne ma'auni ba. Gashi zai tsiro. Abin tsoro shi ne zazzaɓi: in ya kai 38, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba kemis ba, domin kemo na rage ƙwayoyin jini masu kare jiki.

Baban Sadiq, Pantami:
Mu mun tsaya bayan na uku, saboda maganar dangi irin wannan. Wata biyar muka koma, sai da aka cire idon. Yaron yana nan lafiya da idon roba, yana aji biyu, amma har yau ina cizon yatsa. Ki samu babanta ya raka ki ya ji daga bakin likita da kunnensa. Ita Hajiya, shi ya kamata ya lallashe ta, ba ke ba.

Anti Nas, Bauchi:
Na manta. In Ummi tana da ƙani ko ƙanwa, a duba su. Wani lokaci cutar gado ce.

Maman Ummi, Tumfure:
Na gode ƙwarai. Akwai jariri ɗan wata 4 a bayana, ban taɓa kawo shi a rai ba wallahi. Ranar Talata za mu koma, na nuna wa babanta saƙon Baban Sadiq, ya ce shi ma zai raka mu.