Sa ido a kan jijiya yayin tiyatar muƙamuƙi: yaya ake yi?

Ɗalibin tiyata: Assalamu alaikum, manyanmu. Idan za a tsaga ƙashin muƙamuƙin ƙasa, yaya ake gane jijiya ta shiga matsi, alhali mara lafiya na barci, ba zai iya cewa leɓensa ya mutu ba?

Likitan tiyatar fuska: Wa alaikumus salam. Ka fara raba jijiyoyin gida biyu. Ta farko jijiyar ji ce, reshen jijiyar kwanya ta 5. Tana bi ta cikin ƙashin, ƙarƙashin saiwoyin haƙora, ta fito ta wata 'yar kafa kusa da ƙananan turame, ta ba leɓen ƙasa da haɓa jin taɓi. Ita ana ɗan zungurarta da lantarki a bakin kafar, a ɗauki amsar ta can sama kusa da gindin ƙoƙon kai. Idan ƙarfin amsar ya ragu da rabi, ko ta yi jinkiri da kusan kashi 10 cikin 100, a dakata.

Yawancin ɓarnar ba yanka ba ce. Ja ne da dannewa: ƙarfen da ake janye nama da shi ta gefen ƙashi na ciki, daidai inda jijiyar ke shiga, sai lokacin tsagawa, sai ɗaure kusoshi idan suka matse ta tsakanin ɓarin ƙashi biyu. A sassauta da wuri, sau da yawa amsar na dawowa.

Ta biyu jijiyar motsin fuska ce, ta 7. Ana soka siraran allurai a tsokar kewayen baki da ido. Ka taɓa jijiyar da tsinken gwaji da lantarki mai ƙarfin miliamfiya 0.5 zuwa 1, gefen baki ya motsa, na'ura ta yi ƙara.

Likitar sa barci: Ƙarin bayani, Likita. Maganin saki tsoka mai daɗewa zai rufe bakin na'urar, a zaci lafiya lau. Allurar kashe zafi kusa da jijiya ma haka. Iskar sa barci kuma na raunana amsar idan daga fatar kai ake ɗaukar ta, shi ya sa muka fi son maganin sa barci na furofofol ta jini. Don Allah idan za a sa ido a kan jijiya, a faɗa mana tun kafin a fara.

Likitan tiyatar fuska: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma yayin ƙona wuri don tsayar da jini na'urar ba ta karantuwa. Ka duba hoton ƙashi tukuna ka san hanyar jijiyar ji, in kuma ta waje za ka shiga, ka yanka kusan santimita 2 ƙasa da gefen muƙamuƙi don ka kauce wa jijiyar motsin fuska.